Gishirin da Ya Zama Dutse

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau da yawa nakan ɗauki biro in sake ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce mace da girmanta ta rasa abin damuwa sai kaguwa da gishiri. Amma abin ya ƙi barina, waɗanda zan iya tambaya kuma na tambaye su duka. Shi ya sa na fito da shi fili.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai muna zaune a Greensboro ta Amurka, a wani gidan haya a bene, ni da maigidana da 'yarmu. Daga Damagaram muka zo. Shi yana aiki a wani sito na kujeru da gadaje, ni ina kitso a gida. Yarinyar 'yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita a gaban mutane, kamar yadda uwata ta yi da yayata. A gida kowa ya san wannan kunya ce. A nan kuwa tana ganin uwayen 'yan ajinsu suna rungumar 'ya'yansu a bakin lakwal, wato makaranta. Ta taɓa tambayar ubanta da Turanci ko na manta sunanta ne. Ya yi dariya ya ba ni labari, ni ban yi dariya ba.

A ajinsu akwai kaguwa biyu a cikin akwatin gilashi mai yashi. Ba irin kaguwar kogi ba ce. Ita wannan ba ta da gidan kanta, sai ta sami bawon katantanwa da mai shi ya bari, ta shige, tana yawo da shi a bayanta. In ya yi mata kaɗan ta nemi wani. Idan babban hutu ya zo, malamar ajin takan zaɓi yaro ɗaya ya tafi da su gida ya kula da su har a koma. A shekarar, 'yata aka zaɓa, ita da ba a taɓa zaɓa a komai ba.

Ubanta ne ya hau da akwatin, yana haki. Ya leƙa ya ce, “Ashe 'yan haya ne kamarmu. Sai dai su ba a ƙwanƙwasa musu ƙofa ƙarshen wata.”

Yarinyar ta tsaya a gabana ta ce da Hausa, ita da kullum sai Turanci, “Mama, amana ce.” A Islamiyya ta koyo kalmar. Na ce na ji. A raina na ce abin da bakina ya kasa yi mata, hannuna zai yi.

Malamar ta ce a riƙa ajiye musu kwano biyu, ɗaya ruwan daɗi, ɗaya ruwan gishiri, kuma gishirin da ta haɗo mana ya kusa ƙarewa. Ta ja kunne kada a sa na girki, wai akwai aidin a ciki da wani abu da ke hana shi dunƙulewa, suna cutar da su. Na ɗauko gishirin Balma da aka aiko mini daga gida, na ce to ga wanda hannun bature bai taɓa ba. Yarinyar ta riƙe mini hannu. Sai na teku, in ji ta.

Muka shiga bas zuwa babbar tashar cikin gari, muka sake wata zuwa kantin da ake sayar da kayan dabbobi. A can na tarar gishirin ma iri-iri ne. Akwai ƙaramin kwali mai hoton kifi, akwai 'yar kwalba mai hoton kaguwar kanta, akwai babban kwali mai hoton teku. Wata baturiya mai aiki a wurin ta yi bayani, 'yata tana fassara mini. Na ƙaramin kwalin gishiri ne zalla, na kifin ruwan daɗi, ba zai wadatar ba. Na 'yar kwalbar, ita ma ba ta san abin da ke ciki ba. Babban kwalin shi ne haɗi, an gauraya gishiri da wasu abubuwa da yawa yadda suke a ruwan teku. Na ce a sake tambayarta. Ta sake faɗa. Na ce ta tabbata? In na ba su wanda ba shi ba fa? 'Yata ta ce, “Mama, mutane suna kallonmu.” Na ɗauki na teku.

Muna fita matar ta ɗaga murya ta ƙara wata magana. Na ce me ta ce? Yarinyar ta ce, “Ta ce a ajiye shi da kyau.” Maganar matar ta fi haka tsawo. Ko ta ce a rufe shi kada iska ta shiga, yarinyar ta taƙaita don ta gaji da ni, ban sani ba har yau.

A gida na zauna ina tunanin inda zan sa shi. Kicin ba zai yiwu ba, don fari ne tas kamar na miya, kuma matan da ke zuwa kitso suna shiga kicin ɗina kamar nasu. Wata ta barbaɗa a abinci, alhakin wa? Banɗaki ma ba zai yiwu ba, ko na kaguwa ne gishiri ne, ba a kai shi wurin ƙazanta. A cikin ledarsa kuma ban yarda ba, don uwata takan ce leda tana sa abu gumi. Sai na juye shi a ƙwarya mai tsabta, na rufe da faifai, na kai shi ɗan sito da ke baranda. Haka muke yi a gida, gishiri ya shekara ba abin da ya same shi. Tun ina yarinya nake jin ana cewa gishiri ba ya ruɓa.

Makonnin farko sun yi daɗi. Tare muke haɗa ruwan, ita tana ɗiga maganin da ke kashe kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, ni ina auna gishiri da cokalin roba, don an ce ƙarfe ba shi da kyau gare su. Takan zauna har kafaɗarta ta taɓa tawa. Ta raɗa musu sunaye na Turanci, ni ina ce musu babba da ƙarama. Wata rana ta dube ni ta ce, “Su ma ba kya kiran sunansu.” Muka yi dariya tare. Ban tuna mun taɓa yin irinta kafin nan ba.

Wanda ya san bazarar garin nan ya san iskarta jiƙaƙƙiya ce. Ka shanya zane a baranda ya wuni bai bushe ba. Aka yi ta ruwa da tsawa kusan kowace yamma. Ran da na koma ɗebo gishiri, na ɗaga faifai na tarar ya zama dutse, ya ɗauki siffar ƙwaryar. Gaskiya a lokacin daɗi na ji, don ya tuna mini da kantun gishirin da ake kawowa kasuwarmu a bayan raƙuma. A wurinmu gishiri mai tauri shi ne mai kyau.

Na fasa wani gefe, na ɗauko ƙaramin turmina. Da shi nake daka yaji da daddawa, saboda haka na wanke shi da ruwan zafi, na goge, na shanya, na shinshina, na sake wankewa. Sannan na daka. Da na zuba a ruwa sai ya ƙi narkewa yadda ya saba. Ruwan ya yi fari kamar na gasara, wani gari kamar alli ya kwanta a ƙasa. Na bar shi ya tsaya har samansa ya washe, na ɗanɗana, gishiri ne dai. Kwanonsu ya bushe, yarinyar tana maƙwabta, na tsiyaye na saman na zuba musu. Da ta dawo na gaya mata. Ta ɗaga kafaɗa, tana kallon talabijin.

Bayan 'yan kwanaki duka biyun suka nutse cikin yashi. 'Yata ta ce ba komai, malama ta gaya musu haka suke yi in za su saɓa, kamar maciji, kuma kada a kuskura a tono su, tonowa ke kashe su. Muka jira. Wata safiya na idar da salla na ji wari kamar na ruɓaɓɓen kifi. Ƙaramar ce, ta fito ta bar bawonta, tana kwance a kan yashi.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kwanon ruwan gishirin, ta dubi farin abin da ya daskare a bakinsa, ta ce da Turanci, “Me kika yi wa gishirin?”

Maigidana ya ce, “Ajali ne. Mutum ma yana mutuwa, balle ƙwaro.”

Wata Hajiya da ke zaune a ƙasan benenmu, Bakanuwa ce mai barkwanci, ta hau ta tarar da ni zaune gaban akwatin. Ta ce, “Ikon Allah. Ke da kika baro garin da ko kogi babu, kin zo Amurka kina zaman makokin kaguwa. Mu kawo shinkafar sadakar uku?”

Na ce, “Hajiya, amanar makaranta ce.”

“To wa ya aike ki daka mata gishiri a turmin yaji? Barkonon Damagaram ko ni yana kwantar da ni.”

Da wasa ta faɗa, amma ta ƙara mini wani abin tunani a kan wanda nake da shi.

Na ƙulle guntun dutsen a hankici na koma kantin, maigidana ya raka ni don fassara. Matar nan ba ta nan, wani mutum muka samu. Ya juya shi a hannu ya ce ya sha raɓa, a zubar, in haɗin ya jiƙe wasu abubuwan da ke ciki suna manne wa juna ba sa sake narkewa. Na ce a tambaye shi ko shi ya kashe ta. Ya taɓe baki. Ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma sanyin na'urar ɗaki ne, ko dama da ciwonta, suna yawan mutuwa wajen saɓa. Muka sayi sabo da roba mai murfi da ke kamawa gam. Na ajiye shi a cikin kabad ɗin tufafina, nakan duba murfin safe da yamma. Amma babbar ba ta fito ta sha ba.

Hutu ya zo ƙarshe tana ƙarƙashin yashi. Kullum ina kai hancina bakin akwatin, ba wari, ba motsi. Maigidana ya ce abu mai sauƙi ne, a sayo wasu biyu a zuba, wane yaro ne zai gane fuskar kaguwa? Yarinyar ta yi tsalle ta ce e, Baba, don Allah. Na ce a'a. An ba mu amana, mu mayar da wata mu ce ita ce, ha'inci ne, kuma in babbar tana da rai a ƙasa baƙin za su iya tono ta su cinye. Ta roƙe ni da Turanci, ta roƙe ni da Hausa, har ta durƙusa yadda na koya mata ta yi wa manya. Na so in kira sunanta a lokacin in jawo ta jikina. Abin da na ce kawai shi ne, “Tashi, ke. Gaskiya za mu faɗa.”

Ranar komawa muka kai akwatin, ba abin da ake gani a ciki sai yashi da kwano biyu da bawo ɗaya wofi. Yara suka kewaye shi suna leƙe. Malamar ta karɓe mu da kirki, ta ce ba komai, yakan faru. Wani cikin yaran ya faɗi wata magana, ajin ya fashe da dariya. Ban ji me ya ce ba, amma na ga wuyan 'yata ya sunkuya. Na tsaya a bakin ƙofa ko za ta waiwayo, ba ta waiwayo ba.

Na tambaye ta bayan mako ko babbar ta fito. Ta ce ba ta sani ba, an kai akwatin wani aji. Na sake tambaya bayan wata, ta ce in bar maganar. Daga nan Hausarta ta koma gaisuwa kawai.

Yanzu ta girma, ta yi aure, tana Summerfield, nan kusa da Greensboro, a gida mai fili. A falonta akwai babban akwatin kifin teku, shuɗi da rawaya, ga bokitan gishiri a jere, kowanne da murfi a ɗaure. Tana girmama ni, ba abin da na nema ta hana. Amma in za su yi tafiya, maƙwabciyarta take ba makulli ta riƙa ciyar da kifin. Na taɓa cewa ai ni ina nan, ba abin da nake yi. Ta ce, “Mama, kar ki wahalar da kanki.” Da na ɗauko zancen kaguwa ta ce ita ba ta ma tuna ba. Ban yarda ba, kuma ba ni da yadda zan yi.

Ba na sa ran amsa za ta gyara wani abu tsakaninmu, wannan lokacin ya wuce. Ina dai so in san abin da zan faɗa in an tambaye ni haƙƙin dabbar nan gobe ƙiyama. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kuma ya san kiwon irin kaguwar nan, ko yana da ɗa ko ƙane da ya karanci abin teku, ya taimake ni. Gishirin haɗi da ya sha raɓa ya zama dutse, in an daka shi an ba su, yana kisa ko rage amfani kawai yake yi? Turmin da aka wanke da ruwan zafi yana iya riƙe yajin da zai cutar da ita? Wadda kuma ta daɗe haka a ƙarƙashin yashi ba wari, takan fito da rai? Wanda ya sani ya gaya wa matan da ke zuwa sallar Juma'a a nan Greensboro, ya ce saƙon mai kitso ne, 'yar Damagaram, zai iso gare ni. In ma amsar ita ce ni na kashe ta, a gaya mini haka.