Gwaggona Mai Kiwon Sauro

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, sauro take kiwo. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya su ce in bar wasa. Ita kanta ta gaji da bayani tuntuni. In aka tambaye ta aikinta a mota ko a wurin taro, sai ta ce, "A asibiti nake," don a ƙyale ta. Amma ba asibiti ba ne. Wata cibiyar bincike ce a bakin gari, inda masana suke gwada sababbin magungunan kashe sauro kafin a sake su ga jama'a. Gwajin ba ya yiwuwa sai da sauro, sauron kuma ba ya rayuwa a ɗaki sai da mai kula da shi. Shekara ashirin da wani abu ke nan Gwaggo ce mai kular.

Da shara ta fara a wurin, bayan rasuwar mijinta, lokacin ɗanta tilo yana firamare. Wata rana mutumin da yake ɗakin kiwo ya ce ba zai iya da zafin ba, ya ajiye aiki. Aka ce Gwaggo ta riƙe na kwana biyu kafin a samo wani.

"Har yau ana nema," in ji ta.

Sau ɗaya na ga ɗakin, shi ma ta gilashi, ranar da na kai mata ɗinki. Ƙofa biyu ce a jere, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Gilashin kansa gumi yake yi, don zafi da danshin da aka tsare a ciki. Kantoci ne daga ƙasa har sama, kowace kanta da faffaɗan farantai na ruwa, tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Gefe guda kuma kejina ne na raga, a kan kowanne an ɗora auduga jiƙe da ruwan sukari. Gwaggo tana tsaye cikin farar riga, tana barbaɗa wa tsutsotsin garin abincin kifi da ƙaramin cokali, kamar mai sa gishiri a miyar marar lafiya.

Matan sauro ne kaɗai suke shan jini, kuma sai sun sha suke yin ƙwai. Yanzu akwai 'yar na'ura mai ɗumama jini da ake kifa musu a kan keji. A shekarun farko kuwa hannunta take zurawa, ta zauna shiru har su ƙoshi. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu fatarta ta fi sauran jikinta duhu da kauri.

"Mutane suna kiwon kaza su ci ƙwai," ta kan ce, "ni kuwa ina kiwon abin da yake cina. Kai dai Tela, ka gode wa Allah da kekenka, shi ba ya cizo."

Abin da ya sa ake ji da sauron Gwaggo, ta yi mini bayaninsa sau da yawa kafin na gane. Sauron gari ya sha feshi har ya ƙeƙashe, magani da yawa ba ya kama shi. Nata kuwa tun kaka da kakanni a keji aka haife su, ba su taɓa shaƙar magani ba. In an kawo sabon magani, da su ake fara aunawa, sannan a kwatanta da na gari. In suka mutu, ko suka fara sabawa da magani, ma'aunin ya lalace, aikin shekaru ya bi ruwa. Abu kaɗan ne kuma yake kashe su. Ɗan abin da zai manne a gefen mayafi ya isa.

Don haka gidan Gwaggo yake da doka. Ba a fesa maganin sauro, ba a kunna na ƙonawa. Ita kanta ba ta sa turare, ba ta shafa mai mai ƙamshi, sabulunta ma na wanki ne. Gidan sauro ake kwana a ciki, amma fari fat wanda ba a jiƙa da magani ba, ni nake yi mata facinsa in ya yage. Ranar da na zo da sabon turare a jikina, a baranda ta tsayar da ni.

"Zauna nan, ango. Daga nan ma ina jin ka."

A haka ɗanta ya tashi, bai san wani abu daban ba. Ya zama direban babbar mota, ya yi aure, matar ta tare a gidan. Ita ce ta fara ganin abin da mamaki, amma yarinya ce mai kawaici, ta tattara kwalaben turarenta ta kulle a akwati. Suka haifi namiji. Gwaggo ba ta kiransa da komai sai Maigida, shi kuma da ya fara magana ya ce ita ce matarsa, kullum ana rigimar kuɗin cefane a tsakaninsu. In ta dawo daga aiki, a bayanta yake ƙarasa yini.

Maigida yaro ne mai birgima a barci. Duk yadda aka soke gidan sauron, da safe sai a tarar da ƙafa ɗaya ko hannu ya manne da raga, sauro ya sha ta waje. Zazzaɓi ya kama shi aka yi magani, ya sake kama shi aka yi. A na uku sai da aka kwantar da shi, aka yi masa ƙarin jini. Uban yana kan hanya, ni da Gwaggo da uwar muka yi jinya. Ranar sallama ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa uwar sabon gidan sauro a leda, ta ce irin na yanzu ne, mai magani, ko yaro ya jingina da shi sauro ba zai zauna ba.

Ina wurin lokacin da ledar ta iso gida. Surukar Gwaggo ta ajiye ta a tsakar ɗaki, ta durƙusa.

"Mama, ban taɓa yi miki musu ba."

"Ban ce kin taɓa ba."

"To yau ma ba musu zan yi ba. Amma zan ɗaura."

Gwaggo ba ta taɓa ledar ba. Ta sunkuya ta dubi zanen da ke jiki, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta zauna a bakin gado ta cire ɗankwali, abin da ba ta yi a gabana.

"Na san shi," ta ce. "Irinsa Dakta, shugabanmu, ya kawo bara waccan. Aka yanka shi ƙanana, aka ce in ba da 'ya'yana, sauron nan, a gwada. Ni na zaɓo su da hannuna, masu ƙoshi. Kafin gari ya waye babu mai motsi. Ranar har lemo aka raba a ofis."

"Ke nan yana aiki, Mama."

"Wa zai gaya mini? Na fi mai ba ki sani." Ta dubi Maigida da yake kwance a tabarma, idonsa ya faɗa. "Ɗaura, 'yar nan. Ɗaura. Sai dai ki bari in fita tukuna."

Washegari ta gaya wa Dakta, shugaban sashen. Shi ma mutum ne da ya gaji, in ji ta, gashinsa ya yi fari a wurin rubuta wa masu ba da tallafi takardu. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce ba shi da ikon hana kowa kare jikansa. Amma ita ta san dokar ɗakin fiye da shi. Kada ta kwana a cikin gidan sauron, kada ta taɓa shi, kada kayanta su haɗu da kayan da suka taɓa.

Ta koma ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, inda ake ajiye tarkace. Kayan aikinta ta zuba su a bokiti mai murfi. Igiyar shanyarta daban, bahon wankinta daban. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne Maigida, don shi ma ya zama cikin kayan da suka taɓa. Yaro ya kwana yana goga jiki da ragar, ya tashi da rigar barcinsa, ya nufo kakarsa. Da safe kuwa ta riga ta yi wanka ta shirya. Sai ta ja da baya, ta ɗaga hannu sama.

"Maigida, tsaya can. Sai na dawo."

"Ɗauke ni."

"In na dawo. Je ka wurin uwarka."

"Na sake ki!"

"To, na ji. Ka aiko mini da takardata."

Uwar takan yi dariya ta zo ta janye shi, amma yana kuka ake janyewa. Gwaggo ta fita da kukan a kunnenta, ta shiga mota da shi. In ta dawo da yamma ta ɗauke shi, sai ta sake wanka, ta ware kayan da ta sa, ta wanke kai tun ba ta huta ba. A wata na biyu yaron ya daina zuwa da safe. Yakan tsaya a ƙofar ɗakinsu da yatsa a baki yana kallonta har ta fita.

"Da yana kuka ya fi mini," ta ce da ni wata Asabar. Muna zaune a baranda, tana matsa gwiwarta. "Tela, ka san me nake tunani? Shekarun nan duka, in na gaji, sai in ce ai don yara nake yi, kar su mutu da zazzaɓi. To ga maganin ya fito, ya zo har gidana, ni ce kaɗai a unguwar nan ba ni da damar kusantarsa."

Na ce ko za ta nemi a sauya mata wurin aiki.

"In bar wa wa? Dogo?" Dogo shi ne mataimakinta, mutumin kirki, sai dai hannunsa nauyi. "In ya zuba abinci kamar mai ciyar da raƙumi. Ruwa ya ruɓe, tsutsa ta mutu. Ya iya karatu, ban ce ba. Amma ba ya jin warin ruwa."

Ta yi gyangyaɗi a zaune.

Abin ya zo ne wata safiya ba tare da shiri ba. Ta gama shirinta, ta sunkuya tana ɗaure takalmi, sai ta ji nauyi a bayanta. Maigida ne ya lallaɓo, da ɗumin barci a jikinsa, ya kwanta mata, ya zagaye wuyanta da hannu. Uwar ta fito a guje tana salati.

"Bar shi," in ji Gwaggo.

"Mama, kayanki..."

"Na ce bar shi."

Ta miƙe da shi a baya, ta zagaya tsakar gida, ta sake zagayawa. Sai da ya koma barci ta miƙa shi. Ba ta sake wanka ba, ba ta sauya kaya ba, ta tafi aiki a haka. Da ta isa ta tsaya nesa da ƙofar farko, ta aika a kira Dakta da Dogo. Ta gaya musu abin da ya faru. Dakta ya ce ba komai, ta koma gida ta huta, gobe ta yi wanka da kyau ta dawo.

"Gobe ma zai hau, Dakta," ta ce. "Kuma ba zan ture shi ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tambaye ta ko ta san shekara nawa ya rage mata ta yi ritaya. Ta ce ta sani. Ya ce zai ga abin da zai iya yi, wataƙila a mayar da ita sito, inda ake ajiye kwalabe da safar hannu. Ta ce ko ina ne. Ta cire makullin ɗakin kiwo daga zaren da ke wuyanta, ta ajiye a kan benci, ta ce Dogo ya wanke shi da sabulu kafin ya taɓa.

Yanzu a sito take, a wani gini daban. Ba ta son wurin, ta ce sanyi ya yi yawa kuma babu abin da yake motsi. Sauron ɗakin kiwo bai ƙare ba, amma ya ragu. Akwai makon da ƙwai ya yi ƙaranci har aka ɗage wani gwaji, ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Dogo yana kiranta a waya safe da rana, har ranar hutu.

Asabar ɗin da ta wuce na je da rana na tarar da gidan tsit. Surukar ta nuna mini ɗakinsu da baki. Gwaggo tana kwance a cikin sabon gidan sauron, an sake shi ko da yake rana ce, Maigida ya ɗora mata ƙafa a wuya. Wayarta ta fara ruri a kan tabarma. Ta zuro hannu ta ƙarƙashin raga ta lalubo, ba ta ko buɗe ido ba.

"Dogo. Wane launi ruwan ya yi?" Ta saurara. "Ka cika abinci. Zubar da rabi, ka ƙara sabo, mai ɗumi. Kada ka ba su komai sai gobe." Ta sake saurarawa. "Ban sani ba, ɗan nan. Wataƙila su yi, wataƙila kada su yi. Ka gwada dai."

Ta ajiye wayar, ta gyara wa yaron ƙafa, ta ce da ni in zauna in jira ta, yanzu za ta tashi. Na zauna har la'asar ba ta tashi ba, sai na bar wa surukar saƙo na tafi.