Kwalin Malam Dalhatu da Na Bari a Bakin Sikeli

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 11 ga Jimada Akhir 1407, daidai da 10 ga Fabrairu 1987, Allah Ya karɓi ran Malam Dalhatu Bature a nan Riyad, bayan jinyar wata biyu. Shekararsa hamsin da takwas. Bayan la'asar muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Al-Oud. Ina cikin mutum ukun da suka sauka cikin kabarin suka karɓe shi. Da na fito, mutane suka riƙa dafa kafaɗata suna cewa, "Bashari, kai ne babban ɗansa a garin nan, ka yi haƙuri." Duk wanda ya dafa ni sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, domin akwai amanar da ya ba ni na ci, na kuma ɓoye masa har ya bar duniya. Tun da ban faɗa masa yana raye ba, zan faɗa a nan, kowa ya ji.

Malam, a 1982 na zo garin nan aikin ba da magani a asibiti, ban san kowa ba, Larabcina bai wuce na sallah ba. A kasuwar Baɗha ka gan ni ina ta fama da mai shago a kan barkono, ka tsaya ka gama dariyarka, sannan ka ce, "Wannan karin harshen na Gusau ne." Ranar a gidanka na unguwar Ulaisha na ci tuwo. Da kafilina, wato wanda ya ɗauko ni aiki, ya yi ta jan ƙafa kan iƙamata, kai ka yi sati uku kana raka ni ofis-ofis har takardar zaman ta fito. Ba ni kaɗai ba ne. Ɗaliban Nijeriya da na Nijar nawa suka kwana a falonka kafin su sami ɗaki? Hajiya Kaltume, mai ɗakinka, ta saba ɗora tukunya ba tare da ta tambayi mutum nawa ne ba.

Aikinka jera littattafai ne a ɗakin karatu na wata cibiya, amma zuciyarka tana wani wuri da wani zamani. Kowace Alhamis bayan la'asar mukan taru a gidanka, ka zuba mana shayi, ka ɗauko labarin Rumawa da Turkawa. Kakan ce abin kunya ne a ce muna karanta Suratur Rum tun muna yara amma ba mu san su wane ne Rumawan ba. A bakinka na fara jin birnin Ƙusɗanɗiniyya da ganuwarsa, da sarƙar da suke tare bakin ruwa da ita, da wutarsu mai ci a kan teku. A bakinka na ji yadda Turkawa suka fito daga makiyaya masu dawaki har suka zama masu mulki, da yadda Armeniyawa da Bulgarawa suka yi ta shan matsi a tsakanin manya. Ba ka ba da labarin kamar na baƙi. Hakiman Rum kakan ce musu Galadima da Madawaki, idan wani sarkinsu ya yi wauta ka girgiza kai ka ce, "Wannan da a garinmu yake, da tuni 'yan kasuwa sun sa masa suna."

Wanda ka fi so shi ne yaƙin Malazkird, shekara ta 463 bayan Hijira, inda Sarkin Turkawan Saljuƙawa Alb Arsalan ya kama Sarkin Rum Armanus da ransa, ya karrama shi, ya sake shi ya koma gida. Da ya koma, mutanensa ne suka tuɓe shi suka makantar da shi. Duk sanda ka kawo nan sai ka ajiye kofi ka ce, "Ku lura, wanda ya yaƙe shi ya bar masa idanunsa. Na gida ne suka cire." Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan ji maganar nan tana nuna ni ba.

Shekara goma sha ɗaya ka yi kana rubuta wannan tarihi da Hausa, da hannunka, domin ka ce Ruƙayyatu 'yarka ta fi jin Larabci, kana so ranar da ta nemi Hausa ta tarar da abin karantawa mai nauyi. A tsakiyar 1985 ka gama kwafe shi tsaf. Littafin rubutu goma sha huɗu ne, da taswirori da ka zana, da littattafan Larabci biyar da ka cika gefensu da bayani don masu ɗab'i su gwada. Kowa ya san mu nan ba ma aika abu mai daraja ta gidan waya, sai ta hannun mai tafiya hutu. Kai kuwa fasfonka yana hannun kafilinka, ya ce ba hutu a shekarar. Ni ne mai tafiya. Ka haɗa komai a kwalin madara, ka ɗaure da igiya, ka rubuta sunan wani kamfanin ɗab'i na Zariya a kai. Ka ce, "Bashari, hannu da hannu." Na ce in Allah Ya yarda.

A filin jirgi mai awo ya ce kayana sun yi nauyi, in rage kilo goma sha biyu. Na tsaya ina kallon kayan. Ga akwatin bidiyo da na yi wa surukaina alkawari, ga tukwane, ga dardumai da shaddoji, tsarabar da idan ba ka kai ba za a ce ka je Saudiyya ka dawo hannu Rabbana. Ga kuma kwalinka. Ba mantuwa na yi ba, Malam, kuma ba ruɗewa ba ce. Na duba na zaɓa. Na ce wa kaina takarda ba ta ruɓewa, wani zai tafi bayana. Na miƙa kwalin ga Moussa, direba ɗan Maraɗi da ya kawo ni, na ce ya ajiye mini a ɗakinsa. Bidiyon ya hau jirgi.

Na dawo bayan kwana arba'in da biyar, ranar Laraba. Washegari na zo gidanka, falo cike da mutane, ka tarbe ni da fara'a tun daga bakin ƙofa ka ce, "Ya isa?" Na ce, "Ya isa, Malam. Sun ce za su duba." Nufina in karɓo shi ranar Asabar in ba wani. Ranar Asabar na tarar da wasu 'yan Yaman a ɗakin Moussa. Kwantiraginsa ya ƙare, an ba shi bizar fita ba dawowa, mai gidan ya sa an share ɗakin an kwashe abin da ya rage. Na bi mai gida, na bi masu shara, na zaga masu sayar da tsofaffin littattafai a Baɗha. Na rubuta wa Moussa, ya amsa cewa a bayan ƙofa ya bar shi, ya ɗauka zan riga mai gida zuwa. Ba laifinsa ba ne.

Har zuwa nan da sauran gyara, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Zubin farko na littafin yana nan a gidanka, buhu guda na takardu masu gyare-gyare. Da na buɗe baki, da ka yi fushi na kwana biyu ka zauna ka sake kwafewa. Amma kai ba ka fara shafi sai da Bisimilla, ga ayoyi a ko'ina, kuma kana tsoron ranar da za ku tashi daga gidan a zuba su a kwandon shara a tattaka sunan Allah. Wata Juma'a da yamma ka ce in zo in taya ka wani ɗan aiki. Muka hau saman bene da buhun da rabin duro. Ka ce tunda na tsaf ya isa inda za shi, gara a ƙona wannan a binne tokar a wuri mai tsarki, kamar yadda malamanka suke yi.

Ni na ɗauki buhun a kafaɗata. Ni na riƙe maka galan ɗin kananzir. Kana jefawa kana karanta kan shafi kana dariya, kana cewa ga Armanus zai sake shan wuya. Sau uku na yi niyyar faɗa maka, sau uku na fasa, saboda kawai kada ka dube ni da wani ido. Da ka ga hawaye a fuskata ka ce in matsa daga hayaƙi. Na matsa.

Daga nan ƙarya ta zama aikina. Wata shida ina cewa suna dubawa, wata shida ina cewa takarda ta yi tsada a gida. Ba ka taɓa matsa mini ba. Kakan ce masu ɗab'i ba sa gaggawa, Rumawa ma shekara dubu suka yi kafin su gama nasu. Da ciwon ya kwantar da kai, ni nake kawo maka magani, kullum ina shiga da niyyar yau zan faɗa, ina fita ban faɗa ba. Na riƙa cewa ba yanzu ba, jikinka ba zai ɗauka ba. Gaskiyar ita ce ni ne ba zan ɗauka ba.

Kwana huɗu kafin rasuwarka ka riƙe hannuna ka ce, "Idan ka rubuta musu, ka ce su ƙara layi ɗaya a shafin farko." Na ce wane layi. Ka ce, "Godiya ga Bashari, wanda ya ɗauke shi ya kai gida." Na ce to. Ita ce kalmar ƙarshe da na faɗa maka, kuma ita ma ƙarya ce.

Hajiya Kaltume, ranar addu'ar uku kin aiko matata Biba ta tambaye ni yaushe littafin Malam zai fito, kin ce shi ne abin da za ki riƙe. Ga amsar, kuma ba zan bari ki ji ta a bakin wani ba, zan zo da kaina in tsaya bayan labule in karanta miki takardar nan. Littafin ba zai fito ba, Hajiya. Bai taɓa barin Riyad ba. Ina roƙon duk wanda ya zauna zaman Alhamis ya rubuto abin da ya riƙe, ko shafi ɗaya ne, mu haɗa wa Ruƙayyatu. Na san ba zai zama nasa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da Jabiru babban ɗansa, da Ruƙayyatu, da 'yan uwansa na gida, da duk wanda ya taɓa cin tuwo a falon nan. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, da haƙurin abin da na ƙara muku a kai. Ba na neman ku yafe mini yau.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Dalhatu, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya shi a Aljannar Firdausi. Abin da ya rubuta ya ɓace a wurinmu, amma ba harafi ɗaya da ya ɓace a wurinKa, Ka biya shi ladansa cikakke kamar an karanta shi a kowane gida. Ya mutu yana kyautata mini zato. Ya Allah, ranar da zai san gaskiya a gabanKa, Ka sa ya zama yana cikin ni'imar da ba zai damu ba. Amin.

Bashari Ɗanmalam
Ulaisha, Riyad