Zare Ruwan Makuba

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka maƙwabciyata, wata malamar makaranta, ita ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. Na roƙe ta kada ta ƙawata mini magana, kuma inda kuka ya ci ƙarfina ta jira ni. A lokacin da abin nan ya faru ina da ƙarfina, ban wuce shekara arba'in ba, ina aure a Ƙofar Durbi cikin birnin Katsina, sana'ata ɗinkin hula. Ba yabon kai ba, a unguwarmu in ana neman ƙube mai kyau ɗakina ake nunawa. Mijina, wanda nake kira Malam, magini ne, irin maginan ƙasa na da, masu yi wa fuskar gida ado su shafe ta da makuba don kada ruwa ya ci. Allah ya jiƙansa. Mu biyu ne kaɗai a gidan, ɗiyanmu mata biyu duk suna ɗakin mazajensu.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya ruɗe. Masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, kowa yana son sabuwar hula ranar Juma'a. Kasuwata ta buɗe, ta Malam ta rufe, domin masu hali sun koma bulo da siminti, shi sai yaɓe da gyaran katanga ake kiransa. Bai taɓa ƙorafi ba, bai kuma taɓa tambayata abin da nake samu ba. Ni kuwa abin da na samu zare ke cinyewa. Akwai wata dillaliya da ke shigo mana da kaya, tunda mu ba ma fita kasuwa. Duk ranar da ta kwance ƙunshinta na ga siliki yana sheƙi, sai in ji kamar in ban saya ba ba zan kai gobe ba. Na sayi launin da nake bukata, na sayi wanda ba ni da abin yi da shi. Sai da na cika kwalla uku da zare, ga huluna bakwai na fara na yar, don da na ga sabon launi sai tsohon aiki ya fita raina.

Akwai ta takwas, ita ce ta Malam. Shekara ashirin da wani abu muna tare, bai taɓa sa hular hannuna ba. Kullum na masu saye nake yi. Wata rana ya sayo farin yadi da kansa, ya zauna bakin ƙofata ya zana mata irin adon da yake yi wa gidaje, ya ce yana son in ɗinka masa da zare ruwan makuba, wai don duk wanda ya gan shi ya san sana'arsa tun daga ka. Na yi dariya na karɓa. Na yi kanta, na ci rabin jikinta, sai mai saye ya zo da gaggawa na ajiye. Shekara uku tana ƙasan kwalla. In ya tuna sai ya tambaye ni cikin wasa ko hularsa ta yaye, ko har yanzu tana shan nono. Ni kuma in ce masa mai gida ai shi ake sallama ƙarshe.

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, tare muka tashi a Gobarau, kuma aure ya kawo ta gidan da ke jikin namu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kun san wasan taubasai, ba a fushi da shi. Ranar wani suna a unguwa, tsakar gida cike da mata, dillaliyar nan ta shigo, ni kuma hannuna ya riga hankalina zuwa ƙunshinta. Nan taubashiyata ta ɗaga murya ta ce a ba Hajiyar Zare hanya, wadda ta yi hajjinta a cikin kwalla. Ta ce ranar da na mutu ba sai an nemi likkafani ba, a naɗe ni da siliki kawai kamar ƙwarƙwaro. Mata suka fashe da dariya, har da masu guɗa. Na ji abin ya soke ni, domin gaskiya ce. Na ce mata ni nake sayen zare, ba zare ke saye na ba, kuma in na ga dama sai in yi wata guda ban sayi ko allura ba. Ta ce in na iya, ita za ta yi mini dakan kwana bakwai. Maimakon in tsaya nan, sai na miƙe na rantse da Allah a gaban mata, na ce daga ganin watan azumin tsofaffi har a ga na bayansa, ba zan sayi komai ba, kuma sabon zare ba zai tsallake ƙofar ɗakina ba, ko saye ko kyauta. Wannan ƙarin na ƙarshe ba wanda ya nema daga gare ni. Bakina ne ya yi gaba.

Farkon watan daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ɗaura wa kaina niyya: in gama hulunan nan bakwai da zaren da nake da shi, in koyi wani ɗinki da nake gani a hulunan Barno, sannan in rufe da ta Malam. Da yake ban iya rubutu ba, sai na rataya wani farin zare jikin ƙusa, kowace safiya in yi masa ƙulli ɗaya. Dillaliya ta zo sau biyu na sallame ta daga bakin ƙofa, ina ɗaga murya don a ji ta bayan katanga. Aiki ya yi ta gudu a hannuna. Cikin kwana goma na gama huɗu. Biyu daga cikinsu suna son launi mai duhu a gefe, sai na miƙa hannu na ɗebi zare ruwan makuba na hular Malam, ina cewa a raina ai da yawa, zai isa.

Ranar ƙulli na goma sha biyu Malam ya shigo da labari. Ƙanensa, wanda kwangila ta yi wa daɗi har ya je Makka ya gina gidan siminti a sabuwar unguwa, zai aurar da ɗiyarsa ranar Juma'a ta sama, kuma Malam ne waliyyi, tunda shi ne babba. Ya ce Alhajin ya so ya ba shi riga da hula, ya karɓi rigar, amma ya ce masa ya riƙe hularsa, domin mai mata irin tasa ba ya sa hular aro. Yana faɗa yana murmushi kamar yaro. Ya ce a wannan taro na manyan mutane ba shi da mota ba shi da agogo, amma za su ga abin da kuɗinsu bai saya musu ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na ajiye komai na ɗauko tasa. Kwana bakwai ina kanta, idona har ruwa yake. Ranar ƙulli na goma sha tara zare ya ƙare. Abin da ya rage a jikin hular bai wuce faɗin yatsa uku ba. Na zazzage kwalla ukun nan a tabarma, ja da kore da shuɗi da ruwan goro da ruwan zuma, har da launukan da ban san sunansu ba, amma ruwan makuba ko sili babu.

Da na gaya masa, sai ya yi dariya ya ce abu mai sauƙi, shi zai sayo, ai ba shi ya rantse ba. Na tuna masa cewa na ce ko saye ko kyauta. Ya ce to ai ɗakina na ambata, in fito tsakar gida ƙarƙashin itacen bedi in ƙarasa, zare bai tsallake ƙofa ba ke nan. Na ce ni ba zan yi wa Allah wayo ba. Ya ce to in karya, in yi kaffara, azumin kwana uku ne in ban iya ciyarwa ba, shi ma zai taya ni, da ma watan tsofaffi ne kuma mun kusa isa tsufan. Na ce a'a. Ya ce to in cike da kowane launi, a baya ne, wa zai leƙa ƙeyarsa? Na ce hular da ta fito daga hannuna ba za ta fita da faci ba, mata suna da ido. Yau da na tsufa zan faɗi gaskiyar da ban faɗa masa ba. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba. Na san hukuncin kaffara sarai, tun muna yara ake gaya mana. Katangar nan nake tsoro. Tsakar gidana ana hango ta daga gidan taubashiyata, kuma na ji a kunnena irin guɗar da za ta yi. Na ce masa ya yi haƙuri, kwana goma ne, da an ga wata zai sa hularsa, ga Salla ma tana tafe. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, to, Allah ya kai mu. Ya fita.

Ranar Juma'a ya sa sabuwar rigar, ya ɗora tsohuwar hularsa wadda rana ta cinye har ba a gane launinta. Da ya dawo na tambaye shi taro, ya ce an ɗaura lafiya. Bai ci tuwo ba. Daga bakin mijin taubashiyata labarin ya fito daga baya. Wai Malam yana tsaye bakin ƙofar gidan, sai wani abokin kwangilar Alhaji ya fito daga mota, ya dubi hular Malam bai dubi rigarsa ba, ya danƙa masa ɗan canji ya ce, baba, a lura mini da motar nan. Malam ya karɓa ya yi godiya, don kada ya kunyata baƙon ƙanensa. Da aka zauna kuma, Alhaji cikin raha ya tambaye shi a gaban jama'a ina shahararriyar hular da aka ƙi tasa dominta. Malam ya ce tana hanya. Aka yi dariya. Ni a ranar ina ɗaki ina yi wa zarena ƙulli na ashirin da uku, ina jin kaina wata jaruma.

Damina ce. Bayan kwana huɗu aka kira shi Batagarawa gyaran wata katanga da ruwa ya jiƙa. Da safe ya tsaya bakin ƙofata ya dubi zaren ƙullin nan, ya ce saura ƙiris Hajiyar Zare ta ci gari. Shi ke nan maganarmu ta ƙarshe. Kafin azahar katangar ta rufto masa. A bayan motar ɗaukar yashi aka kawo shi, tsohuwar hular tana kan ƙirjinsa.

Ranar sadakar uku, da maza suka zo sauke tabarmi daga saman zaure, sai wani ɗan ƙunshi ya faɗo daga tsakanin azara. Takardar siminti ce, a ciki zare ruwan makuba sabo fil, an ɗaura masa wani ɗan guntun sili da aka yanko daga hular don kada a yi kuskuren launi. Mijin taubashiyata ya gane shi. Ya ce tare suka je kasuwa tun kwana uku kafin ɗaurin auren, Malam ya saya ya ce zai ajiye a zaure, zaure ai ba ɗakinta ba ne, ko da za ta sauko. Ashe duk kwanakin nan zaren yana cikin gidana, taku ashirin daga inda nake zaune. Yana jira in ce masa to. Taubashiyata ce ta kawo mini da magariba. Ta tsaya bakin ƙofa da shi a hannu, ta kasa shigowa. Muna nan tsaye muka ji gari ya ɗauka an ga wata. Sannan ta tsallako. Rantsuwata ta cika, ba ta yi ko tabo ba. Washegari ta zo da taɓaryarta ta yi mini daka, kwana bakwai cur. Kowane bugun turmi a ƙirjina yake sauka. Na ci gari, kamar yadda Malam ya ce.

Hular tana nan, zaren ma yana nan cikin takardarsa. Ɗiyana sun sha cewa in ƙarasa ta in ba wani jika. Na kasa. Kan da aka auna ta dominsa yana ƙasa. Yanzu ma idon ya tafi, ko kafar allura ba na gani. Mutane suna ce mini kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda, ko da hula ko babu katangar nan za ta faɗi. Ba mutuwarsa nake ɗora wa kaina ba. Abin da ke hana ni sakat shi ne mutumin nan abu ɗaya tak ya taɓa roƙona, ya buɗe mini ƙofa huɗu in bi, na rufe su ɗaya bayan ɗaya, don kada wata mace ta yi mini dariya ta bayan katanga.

Ku 'yan mata masu sana'ar hannu, ban ce kada ku kame hannunku daga saye-saye ba, abu ne mai kyau, ni ma na ga amfaninsa. Amma ku yi niyyarku tsakaninku da zuciyarku, kada ku yi ta a gidan suna, kada ku sa sunan Allah a cikin wasan taubasai. In kun jera ayyukan da za ku gama, ku duba wa kuka sa ƙarshe, domin yawanci wanda ya fi haƙuri da ku ne, kuma ba a ba ku takardar kwanansa ba. In kuma kun rantse kuka ga abin da ya fi alheri, ku karya ku yi kaffara. Azumin kwana uku na ƙi. Yau fiye da shekara talatin ke nan ina biya, ban gama ba.