Wa Ya Riƙe Miki Kwanon, Basiratu?

Ranar Talata, 27 ga Ramadan, daidai da 18 ga Afrilu 2023, Allah ya karɓi ran ƙawata Basiratu Alhassan a wani asibiti a nan Doha. Ina bakin aikin gadi a West Bay bayan azahar ƙanenta Dramani ya kira ni. Na yi salati, na ce daga Allah muke kuma gare shi za mu koma, sannan na tambaye shi, "Haɗari ta yi?" Ya ce, "Anti Haulatu, ashe da gaske ba a gaya miki ba."

Basiratu, zan yabe ki, don kin cancanci yabo. Amma ina fushi da ke, kuma kin san ba na iya ɓoye abin da ke cikina. Wannan halin nawa ne ma kika duba kika yi mini abin da kika yi.

A 2019 muka haɗu a unguwar Muntaza, a wani gidan haya da aka rarraba da katako, kicin ɗaya muke amfani da shi. Ni da mijina Ghali mun zo daga Gusau, ke daga Zangon Kumasi, kina aikin kayan zaƙi a wani otal. Ina tsokanarki cewa Hausarku ta jiƙe a hanya kafin ta isa Gana, ke kuma ki ce mu Zamfarawa ko gaisuwa muke yi kamar faɗa. Kafin wata biyu kin san komai nawa.

Da korona ta zo aka kulle gari. Ƙaramar Sallah ta 2020 ba mu je idi ba, ba sabon ɗinki, ba ziyara. Ana gobe Sallah na zauna a kicin ina kuka wiwi, sai ga ki da wani ƙaton dunƙulen cakulan da aka raba muku a wurin aiki. Kika ce, "Yalla, maza tashi ki riƙe mini kwano." Kika ɗora ruwa a tukunya, kika aza kwano a bisa yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, ina riƙe kina juyawa har ya narke ya yi sheƙi. Kika malala shi a tire bisa takarda, muka barbaɗa soyayyiyar gyaɗa da yankakken dabino da riɗi da ɗan gishiri, muka sa a firji. Da yake da azumi a bakinmu, ba damar ɗanɗanawa, da ido kawai kike ganewa.

Dokokinki biyu ne. Kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya shiga kwanon, don nan take cakulan zai dunƙule ya koma kamar taɓo. Kuma ba a sa masa wuƙa, da hannu ake ɓantara, ɓantaren farko kuwa na wanda ya riƙe kwano ne. Da safiyar Sallah muka ƙulla shi a leda muka rataya a ƙofofin samarin Katsina da Kano masu gadi a layinmu. Ɗayansu ya biyo mu har bene, ya ce rabon da wani ya ba shi goron Sallah tun yana gida. Daga wannan shekara abin ya zama namu, ko bayan kin koma Wukair wajen Dramani.

Lokacin da korona ta kama ni, kwana goma sha huɗu kina ajiye mini koko a bakin ƙofa, ki ƙwanƙwasa ki matsa baya, ki tsaya sai kin ji muryata. Da na yi ɓari, ke kika fara sani kafin mahaifiyata. Ban taɓa rufe miki ƙofar cikina ba, kuma na ɗauka ke ma haka ne.

A lokacin gasar cin kofin duniya da aka yi a nan ƙarshen bara na lura kin rame. Kika ce baƙi sun cika otal, ba ki samun zama. Na yarda. Ashe a watan nan aka tabbatar miki da ciwon daji. Dramani ya sani. Abokan aikinki biyu sun sani. Ghali, mijina, shi ke kai ki asibiti a motarsa duk bayan mako biyu, ya dawo gida ya ci tuwona ya ce mini cunkoso ne ya tsare shi. Kin sa shi ya rantse. Wata biyar ina zaune a tsakiyarku ina ta surutu da dariya, kowa na kallona.

Sai ranar 14 ga azumin bana, ranar Garanga'o, da yaran ƙasar nan ke yawo gida-gida da jakunkuna ana ba su alewa. Kika zo da hantsi don mu yi wa yaran maƙwabta. Ina riƙe da kwano, na waiwaya in ɗauko dabino, kafin in juyo cakulan ya dunƙule. Shekara uku ban taɓa ganin ya lalace a hannunki ba. Kika ce, "Cokalin da kika miƙo mini ba ki goge shi ba." Na ce na goge. Kika ɗaga murya, ke da ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, kika ce kullum haka nake, bakina na gaba hannuna na baya. Na ce to ki nemi wata mai riƙe kwano. Kika ce, "Halas, shi ke nan," kika yafa mayafi kika fita. Ko fuskarki ban kalla ba.

Kwana goma sha uku ban kira ki ba. Ina jiran ki fara, don na san ni ke da gaskiya.

Bayan an dawo daga maƙabarta Dramani ya gaya mini sauran. Ya ce ranar kin koma gida kin ce masa, "Zufata ce ta ɗiga ciki. Ciwon ya murɗa ni. Da ta kalle ni da ta gane." Kin gwammace in tsane ki da in gane. Na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce kin ce Haulatu ba ta riƙe magana, za ta tayar da hankalin kowa, zancen ya kai wurin aiki a sallame ki, ga Nafeesa 'yarki tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya.

Wataƙila gaskiyarki ne. Da na yi kuka, da na yi waya, da na je na tsaya a kan likita. Amma da na riƙe miki kai in kina amai, Basiratu. Ke kin kawo mini koko kwana goma sha huɗu, ni kin hana ni ko kwana ɗaya. Ba za ki iya gwada ni ba? Kin yanke mini hukunci ba ki tambaye ni ba, kika bar ni da kalmar ƙarshe da na faɗa miki, wai ki nemi wata.

Wajen jana'iza liman ya roƙi duk wanda ke da haƙƙi a kanki ya yafe. Ghali ya kawo mini saƙon, na ce masa shi ma bai fita daga laifi ba tukuna. Na yi ta ƙoƙari in furta kalmar, ta ƙi fitowa.

Da safiyar Sallah Dramani ya zo da tire a naɗe cikin tawul. Ya ce kwana biyu kafin a kwantar da ke a asibiti kika yi shi, kika ce a kai wa Haulatu ranar Sallah, ita za ta ɓantara. Na buɗe. Yana sheƙi, ba inda ya dunƙule, amma gefe ɗaya ya fi kauri, gyaɗar duk ta taru a lungu guda. Ke da kike daidaita tire kamar an auna. Na ce, "Wa ya riƙe mata kwanon?" Ya ce ya nemi ya riƙe, kika ƙi. Kika ɗaura tawul a goshi saboda zufa, kika riƙe da hagu kina juyawa da dama. Kika ce wurin na mai shi ne.

Na zauna a ƙasan kicin da tiren a cinyata har aka sauko daga idi. Sannan na ɓantara da hannu. Na yafe miki, Basiratu, duniya da lahira. Ban huce ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma na yafe. Ni kuma da ban kira ki ba, ba ni da wanda zan tambaya.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Basiratu, ka sa ciwon da ta ɗauka ita kaɗai ya zama kankarar zunubi, ka yalwata kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta Hajiya Ajaratu, da Nafeesa, da Dramani, da duk jama'ar Zango na Kumasi da na Doha. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Na rataya sauran a ƙofofin masu gadi kamar yadda muka saba. Ɓantaren farko yana nan a firji. Ke kika riƙe kwanon, naki ne.