Kitsen Goggo da Ƙashin Inna

Inna, mahaifiyata, siririya ce tun tasowata. Goggo kuwa, yayar babana, idan ta shiga keke sai direba ya ce wa sauran fasinjoji su jira na baya. Aminan juna ne, amma ba sa zama wuri ɗaya ba su yi wa juna tsiya a kan jiki ba. Har Inna ta yi furfura, "Amarya" Goggo take ce mata.

Wata safiya Inna ta zame a bakin famfo a gidanmu na unguwar Madaki, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Muna asibiti ana ɗaure hannun sai ga Goggo daga Barunde da kular farfesu, tana haki tana dariya.

"Ban gaya miki ba, Amarya? Ki ci abinci, kin ƙi. Ni in na faɗi, ƙasa ce za ta ji ciwo!"

Likitar, wata matashiya 'yar Tangale, ta yi murmushi ta ce, "Mama, rabin maganarki gaskiya ce. Amma kitse ba katifa ba ne kawai. Yana sakin wasu sinadarai cikin jini, su je su gaya wa ƙashi ya ginu ko ya zaizaye. Bayan mace ta daina al'ada, wani cikinsu yakan ɗan taimaki ƙashi. Sai dai kitsen tumbi idan ya yi yawa, ƙashin yakan yi rauni, ga kuma nauyi a kansa."

Goggo ta dafe ƙirji. "Wato kitsena da ƙashina hira suke yi ban sani ba? Gulmata suke yi?"

Inna ta yi dariya har da hawaye, tana tallafe da hannun. Da ta samu numfashi sai ta tona asiri. "Likita, tambaye ta ciwon bayanta. Kuma rigunanta duk jan ƙasa suke yi yanzu, sai sauya tela take yi, wai sun manta awo."

Nan likita ta daina murmushi, ta ce a ɗauki hoton bayan Goggo. Ashe wani ƙashi a gadon bayanta ya lotsa tuntuni ba tare da ta faɗi ba, shi ya rage mata tsawo. Goggo ta daɗe tana kallon hoton. Can ta juyo.

"Ashe na riga ki karyewa, Amarya. A nan ma ni ce babba."

Aka ba su magani, aka ce su riƙa shan nono, su yi tafiya a ƙasa da hantsi. Goggo ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu, tafiyar ta zama gasa. Maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar firamare da ke waƙa a coci, ta shiga cikinsu, har ta tono usur ɗinta na makaranta. Kafin a kwance wa Inna hannu, tsofaffin layinmu duk sun bi sahu.

Ran wata Asabar na ce bari in raka su, kada wata ta gaji a hanya. Ba mu kai bakin titi ba na nemi dakali na zauna ina haki. Malama ta hura mini usur, suka wuce suna shewa, sai a dawowa suka tarar da ni.