Kasuwar Alhamis da Ƙanena

Akwai magana guda da nake fatan da ban faɗa ba. Shekara uku da suka wuce ƙanena ya kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Galadi, ya ce yana so ya kwaso iyalinsa su dawo wurina Kaura. Na ce masa namiji ba ya barin gonar ubansa. Ya ce to, ya zauna. Ni kuwa ina cikin gari ina barci da ƙofar ƙarfe.

Mun tashi da asuba ranar Alhamis ɗin nan daga tashar Kaura zuwa Shinkafi, ina so in je in gano shi, mu bakwai a motar mutum biyar, gwiwata a haƙarƙarin wani mai sayar da yadi. Gero ya yi kyau a bakin titi, amma ka ɗaga ido can ciki, sai ciyawa inda da gonaki ne. Ramukan hanyar Shinkafi kuwa sun girma, wasu har sun yi 'ya'ya.

Mai yadin ya kunna fim a waya, irin na yaƙin Turawa da ake fassarawa da Hausa. Wasu sojoji ne aka bari a ƙasar abokan gaba, babu abinci, babu hanyar fita. Nan da nan motar ta ɗauka. Wata hajiya tana ta "Allah sarki, bayin Allah." Mai yadi yana zagin abokan gaba da iyayensu. Da jirgi ya zo ɗaukar sojojin, har da masu kabbara.

Ana cikin haka muka wuce wani ƙauye da ya tashi, rufin ɗakuna duk a ƙone. Na ce, "Ga aikin ɓarayi nan, wa ya aiko wa 'yan ƙauyen jirgi?"

Direba ya kalle ni ta madubi ya ce, "Baba, wagga hanya ba a kiran sunansu. Mutanen nan aka cewa."

Mutanen nan! Kamar surukai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Muna da bakin zagin mugun cikin waya, muna da hawayen yi wa sojan da za a wanke wa jinin ƙarya ya tafi gida, amma namu da aka bari a daji sai raɗa. Na so in ƙara magana, sai na tuna wanda ya bar nasa a can, na kama bakina.

A Shinkafi na sha fura a rumfar bakin kasuwa, na nemi ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙauye. Uku na tambaya, ukun suka ce ko Galadi sai da dabara, balle bayanta. Na aika wa ƙanena saƙo ta waya, na zauna jira.

Da hantsi sai ga ƙanena a kan kaya bayan wani mashin. Na girme shi da shekara tara, amma wanda ya gan mu zai ce shi ne babba. Na saya masa shinkafa da wake, ya ci rabi, ya ƙulle rabi a leda. Na ce ya bi ni Kaura yau ɗin nan.

Ya ce, "Yaya, iyali hwa? Namiji ɗai suka bari shi zo kasuwa. In ban koma kahin la'asar ba, su za a tambaya." Yanzu 'yan ƙauyenmu ke nome wa mutanen nan gona kafin su taɓa tasu.

Na roƙe shi gafara a tsakiyar kasuwa. Ya ce ba komai, ya hau mashin ya koma.

Na iso Kaura bayan magariba, ni kaɗai. Ku da ke karanta wannan, in ɗan'uwanku ya ce yana jin tsoro, kada ku yi masa wa'azin jarumta daga cikin gari. Ku ce ya taho tun hanya tana buɗe. Don Allah kada ku yi irin tawa.