Ɗan Farina da Masu Jan Fenti

Ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba. A gidanmu haka muka tashi muka tarar: uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tambayarsa damuwarsa a gaban mutane. Da aka yaye shi ma mahaifiyata, Inna, ta zo Gude, inda nake aure, ta goya shi ta tafi da shi Gwarzo. A can ya girma, gida ɗaya da Yayana, wanda yake da shagon taki da iri a bakin titi.

Da ya sami jami'a a Kano aka ce mana tsara birane zai karanta. Ni iyakacin karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda muke yi bayan la'asar idan 'yan firamare sun tashi sun bar mana bencinsu. Ban san abin da ake tsarawa a birni ba. Na dai yi hamdala a zuciyata, na ci gaba da harkokina kamar ban ji ba.

Yana shekara ta uku aka shafa wa rumfar shagon Yaya jan fenti. Rumfar kwano ce da ya fitar gaban shago don buhuna su sami inuwa. Na je Gwarzo suna, na gan ta da idona. Turancin da aka rubuta ban iya karanta shi ba, amma alamar na san ta, layi biyu ne da suka gitta juna, irin wadda malamarmu take yi mana da jan biro idan mun ɓata lissafi. Ba a daɗe ba aka zo aka ɗaye rumfar.

Sai wani mai dogon baki ya gaya wa Yaya cewa masu fentin nan irin karatun yaron suka yi. Yaya mutum ne mai kirki, amma zuciyarsa a kusa take. Ya tare ni a soro ya ce, "Ke, ashe mai rusau nake reno a gidana? Ki gaya wa ɗanki, ranar da ya fito da gwangwanin fenti a hannu, kada ya ƙara tako min gida." Da yaron ya zo hutu ya durƙusa ya gaishe shi, Yaya ya ci gaba da murɗa rediyonsa.

Abin ya tsaya min a rai. Yaya ne ya kai shi makaranta a kan keke, shi ya saya masa takalmin farko. Ga shi kuma ina tunanin mutane, domin na ji irin "Allah ya isa" da aka yi ta ja a bakin titin nan, kuma ba na son ko ɗaya ta sauka a kan abin da na haifa. Amma ta yaya zan tambaye shi? Babansa kuwa kunyarsa ta fi tawa, da na ɗauko maganar sai ya ce, "Wane yaron?" ya tashi ya fita.

Da na sake zuwa Gwarzo, Inna ce ta gaya min cewa a shekarar ne ake raba 'yan ajinsu yaron, kowa ya zaɓi ɓangaren da zai ƙware a kai. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Inna, wannan mijin naki, ko ya gaya miki inda ya dosa?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Bakinki ciwo yake? To zauna can, ki toshe kunne ki ji."

Da hantsi ne, bayan ƙaramar Sallah. Na ɗauki faifai na zauna a ƙofar madafa ina tsince shinkafa, na ba su baya. Yaya yana gindin darbejiya a kan tabarma, shi ma wai rediyo yake ji, amma na lura ya rage murya. Inna ta ƙwala wa jikanta kira.

"Maigida, zo ka ba ni takardata. Ba zan zauna da mai rusau ba."

"Haba tsohuwa," in ji shi, "in na sake ki wa zai kwasa? Haƙoranki ma sun riga ni gudu."

"Ja'iri. Da su na tauna maka abincin da ka girma da shi. Zauna ka gaya min, me ake koya muku a can?"

Ya ce karatun nasu kamar kasuwar Gwarzo yake, ƙofa ɗaya ake shiga amma kowa da layinsa. Akwai masu sufuri, su ne suke duba inda ya kamata hanya ta bi da inda za a ajiye tasha, don kada mota da babur da amalanke su riƙa cushewa ranar kasuwa.

"Wato ɗan kamasho za ka zama."

"Ɗan kamasho mai digiri." Ya ce akwai masu gidaje, yadda za a yanka unguwa a bar wa makaranta da asibiti da maƙabarta wuri tun kafin a cinye filin. Akwai na muhalli, su ruwa da kwata da shara.

"Shara? Sai an je jami'a? Ga tsintsiya can a bayan randa, fara yanzu in ba ka shaida."

Har ni sai da na danne dariya. Ya ce akwai waɗanda aikinsu zana taswira ne a kwamfuta, yawancin abokansa can suka raja'a saboda an ce an fi samun aiki. Sannan akwai masu ba da izinin gini da sa ido a kansa. Ya ce, "Su ne masu fentin."

"To kai wane layi ka shiga?"

"Na fentin mana. Da ɗakinki zan fara."

Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Na san wasa ne, amma na kasa ci gaba da tsincewa. Ina jin ya gani, domin nan take ya bar dariya, ya ɗaga murya fiye da yadda kunnen Inna yake buƙata. Ya ce akwai ɓangaren tsara karkara, shi ya zaɓa, kuma har malaminsu ya amince. Ya ce ya gaji da ganin yadda hanyar su Gude da Masanawa take zama idan damina ta yi nisa, amfani yana gona mota ba ta iya shiga. Ya ce rijiya da mashaya da burtalin shanu duk suna son tsari kamar yadda titin birni yake so, kuma da an bar burtali a faɗinsa da faɗan kaka tsakanin manomi da makiyayi ya ragu.

Na ji kamar an sauke min dammin dawa daga ka. Ban juyo ba.

Sai ga muryar Yaya daga gindin bishiya, karo na farko tun zuwan yaron. "To su masu fentin fa? Ka yarda azzalumai ne?"

Na so a ce ya yi shiru. Amma ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Rumfar a kan kwata take. Shi ya sa ruwa yake komawa gidajen baya."



"Inna, kin ji renonki ko?" in ji Yaya.

"Na ji. Kai ma renona ne, kuma kai ka hau kwata."

Yaya ya kashe rediyo, ya daɗe yana neman takalminsa alhali yana gabansa. Can ya ce, "Burtali ko? To kai da manoma, ni na fita. Tashi mu je ka kama min buhunan can mu shigar da su ciki, rana tana dukansu tunda 'yan'uwanka sun cire min inuwa." Suka fita tare, Yaya yana gaba yana mita, yaron yana biye da shi.

Inna ta ce, "To sarauniyar kunya, sai ki juyo, kin tsince shinkafar nan har ta kusa ƙarewa."

Da na koma Gude na ba babansa labari, ba tare da na ambaci wanda nake nufi ba. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce Allah ya yi albarka, abin da ban taɓa ji ya faɗa a fili ba. Sai da na zo kan maganar burtali fara'arsa ta ragu. Gonarmu ta gabas da burtali take iyaka, kuma duk shekara garmarsa takan ɗan ƙara kunya ɗaya ta cikin burtalin, kamar yadda ta kowa take yi.

Ya sosa ƙeya ya ce, "To. Bari dai ya gama tukuna."